An ba ka kujera a ofis? Ga kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara in sakamakon ƙarin girma ya fito sai an samu sababbin shugabannin sashe, a sha lemo, a yi addu'a, a ɗauki hoto a sa a status, bayan wata shida kuma ka ga mutum ya rame yana yawo da fayil a hammata yana neman wanda zai cece shi. Kuma wallahi kurakuran nan guda ne, ba sa canzawa, ko a ma'aikatar gwamnati ko banki ko ƙungiyoyin agaji.

Babba a cikinsu, wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci, shi ne sa hannu a takarda saboda oga ya faɗa da baki. Wannan ni ya ci ni. Ƙarshen shekara ce, ana ta rige-rigen kashe abin da ya rage a kasafi kafin a mayar da shi baitulmali, oga ya kira ni ofishinsa ya turo min bauca ta biyan wani ɗan kwangila kuɗin kujeru da firintoci, ya ce kayan suna hanya, sa hannu kawai a wuce wurin. Na duba babu takardar sito da ke nuna an karɓi kaya, na buɗe baki zan yi magana ya ce haba ƙanena, ni ne fa. Na sa hannu. Kayan da suka iso ba su kai rabi ba. Da masu binciken kuɗi suka zo shi an riga an canza masa wurin aiki, da aka tuntuɓe shi ya ce shi bai tuna an yi haka ba, kuma gaskiya babu inda sunansa ya fito, hannuna ne kaɗai a takardar. Na sha takardar tuhuma, na zauna gaban kwamiti kamar ɓarawo, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni, waɗanda muka shiga aiki tare suka zama na gaba da ni. Sisin kwabo ban ci ba.

Toh abin da nake yi tun daga lokacin, kuma ba na jin kunyar kowa a kai: duk umarnin da ya shafi kuɗi, kaya, ɗaukar ma'aikaci ko hukunta wani, sai ya shiga fayil. In oga ya faɗa min a ofis na koma teburina na rubuta minit, wato ɗan gajeren bayani a fayil, Ranka ya daɗe, bisa umarnin da ka ba ni yau na a biya kaza, ga shi na gabatar don amincewarka, na sa kwanan wata na mayar masa. In ta waya ya faɗa sai na tura masa saƙo nan take in maimaita abin da ya ce. Ba rashin kunya a ciki, ba ɗaga murya. Ogan da abinsa ke kan hanya minti ɗaya ne ya rubuta an amince, wanda kuma ya fara kame-kame yana cewa ai ba sai an rubuta ba, to ya gaya maka duk abin da kake buƙatar sani. Sannan ina ajiye kwafi a gida, don fayil yana ɓata a ofis, kuma ba ya ɓata sai ranar da ake nemansa. Wasu abokan aiki suna ganin na cika tsauri, su suka sani. Ranar da EFCC ko ICPC ta gayyaci mutum ba ta tambayar wa ya faɗa, wa ya sa hannu take tambaya.

Kuma ku matasa ku daina wannan kunyar ta banza. Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, ni ma ina rusunawa in gaida wanda ya girme ni, amma kunyar da za ta sa ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba ba ladabi ba ce, sakarci ne, kuma iyalinka ne za su biya.

Na biyu shi ne a ba ka shugabanci ka ci gaba da aikin da kake yi da. Wannan ya fi kama masu ƙoƙari, don dama ƙoƙarin ne ya sa aka ɗaga su. Akwai wata baiwar Allah da muka yi aiki tare, ta iya rubuta rahoto sosai, da aka ba ta sashe sai ya zama duk rahoton da yaranta suka kawo ba ya mata, maimakon ta zaunar da mutum ta nuna masa inda ya kauce sai ta ce bar shi kawai, ta sake rubutawa da kanta. Ƙarfe biyu na rana yaran sun watse, ita tana nan har bayan magariba ita da mai gadi da fitilar waya in an ɗauke wuta. Shekara ta zagayo babu wanda ya koyi komai a sashen, ita hawan jini ya kama ta, ranar da ta kwanta asibiti aiki ya tsaya cak, kuma a mitin abin da aka faɗa shi ne ba ta iya riƙe mutane ba. Ya yi min ciwo don na san irin wahalar da ta sha, amma maganar gaskiya ce.

Ni yadda nake yi, duk Litinin da safe mu zauna minti ashirin, kowa ya faɗi abin da ke hannunsa da ranar da zai gama, in rubuta a littafina a gabansu. Aiki in ya zo da kuskure jan biro nake sa masa in mayar wa mai shi, ko sau uku ne, na farko da na biyu za ka ji kamar ka fizge ka yi da kanka, ka daure. Kuma gyara a ofis nake yi ƙofa a rufe. Wanda ka yi wa tsawa a gaban masinja da baƙi, musamman in ya girme ka da shekaru, ba zai taɓa mantawa ba, zai riƙa ce maka to ranka ya daɗe yana kallon takardarka tana nutsewa. Yabo kuwa a bainar jama'a, kuma in darakta ya yaba aikin ka faɗi sunan wanda ya yi, ba ya rage ka da komai.

Sai tsofaffin abokai, waɗanda kuke cin wake da shinkafa tare a bakin get. Kar ka yanke su, girman kai ne, amma ranar farko ka gaya musu a fili cewa makara makara ce ko ta waye. In ka ɗaga wa ɗaya ƙafa sau ɗaya ka gama da sauran.

Ƙananan kuwa ba sai na ja ba. Raina akawun rajista da masinja, alhali fayil ɗinka a hannunsu yake kwana. Zagin oga a guruf ɗin WhatsApp na ofis kamar ba a san sikirinshot ba. Karɓar ofis ba tare da takardar miƙa aiki ba, sai ka gaji ɓarnar wani. Zuwa mitin ba biro ba takarda. Bin na ƙasa da kai bashi ko cin bashinsa, duka biyun suna kashe baki.

Maganar ƙarin girma ma akwai sakaci da yawa. A aikin gwamnatin tarayya daga mataki na 07 zuwa 14 shekara 3 ake yi kafin a cancanci zama jarrabawa, daga 15 zuwa 17 shekara 4, wato kowa ya san lokacinsa tun da wuri, amma sai saura sati biyu za ka ga mutum yana neman aron littafin dokokin aikin gwamnati yana tambayar me ake fitarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fom ɗin tantance aikin ma'aikaci na shekara-shekara kuma a bar shi shekara uku ba a cike ba, sannan a zo ana bin ogan da ya yi ritaya har gida ya sa hannu. Wasu kuma sun jingina gaba ɗaya da uwa a gindin murhu, ban ce ba ta aiki ba, tana yi, amma kwamishina da minista wa'adi gare su, kai kuwa shekara 35 za ka yi ko ka cika 60. In akanta ne kai ka nemi shaidar ƙwarewa ta ƙungiyar akantoci, ICAN ko ANAN, injiniya ya yi rajista da hukumarsu ta COREN, mai kula da ma'aikata ya nemi shaidar ƙungiyarsu ta CIPM, tun kana da ƙarfi kafin kuɗin makarantar yara ya danne ka. In za ka ƙaro karatu kuma ka nemi izini a rubuce, na ga wanda ya gama digiri na biyu aka ƙi sa masa shi a fayil saboda bai nemi amincewa ba tun farko.

Fansho shi ne wanda kusan kowa ke mantawa. Dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, wurin aikinka ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunka. Cirewa daban, zubawa daban. Akwai wuraren da ake cirewa duk wata amma kuɗin ba sa isa asusun, kuma mutum ba ya sani sai ya zo ajiye aiki. Ka nemi kamfanin fanshonka su riƙa turo maka bayanin asusu, ka duba ko wata uku-uku ne, in ka ga giɓi ka rubuta wa sashen kuɗi tun waɗanda suka san zancen suna kan kujera. Ka kuma duba ranar haihuwarka da yadda aka rubuta sunanka a fayil, a NIN, a BVN da wajen fansho su zama iri ɗaya, don Muhammad a nan Mohammed a can kaɗai ya isa ya sa dattijo ya yi ta zarya Abuja da kuɗin motar da ya ranto.