Allon Linux ya ƙi cika taga a VirtualBox: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

An gama girka Ubuntu ko Debian a cikin VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wani tsari a cikin taga kamar kwamfuta ta dabam, an sake kunnawa, sai ga allon ya tsugunna ɗan ƙarami a tsakiyar taga, 800×600 ko 1024×768, sauran wurin duk fili. A ja taga ta buɗe, shi yana nan inda yake. Daga nan mutum ke shiga neman magani, ya kwafo umarnin da ya fara cin karo da shi ya liƙa, bai san wane sashe yake taɓawa ba. Yawancin wahalar daga nan take tasowa.

Abubuwa uku ne suke haɗa hannu kafin girman allo ya daidaita. Na farko katin hoto na kwaikwayo, wanda kwamfutarka ta zahiri, wato mai masauki, take bai wa tsarin da ke ciki, wato baƙo. Na biyu direban da ke cikin baƙon, mai magana da wannan kati. Na uku wata 'yar manhaja ce da ke gudana a cikin baƙon, aikinta kai saƙo: an faɗaɗa taga, ga sabon faɗi, ga sabon tsawo. Kamar yaron da aka aika da awo wurin tela ne. In bai isa ba, tela da tsohon awo zai yi ɗinki, komai kyan kekensa. Saboda haka a bi su bi da bi, kati, direba, ɗan aike, kafin a taɓa wani abu dabam.

Zaɓen katin da bai dace da baƙon ba

Tun fitowar VirtualBox 6.0 a watan Disamba na 2018, akwatin Graphics Controller da ke ƙarƙashin Display yana ɗauke da katuna uku. VMSVGA na Linux ne. VBoxSVGA na Windows 7 ne zuwa sama. VBoxVGA tsohon kati ne da aka bari domin tsofaffin tsare-tsare irin su Windows XP, kuma daga 6.1 an cire masa taimakon 3D. Har yau akwai tsofaffin shawarwari da ke yawo suna cewa a koma VBoxVGA allo zai gyaru. Wani lokaci yakan yi kamar ya gyaru, amma VirtualBox da kansa zai nuna gargaɗi a ƙasan shafin saiti cewa zaɓin bai dace ba, kuma a sababbin Linux an fi samun baƙin allo ko makalewa da shi. Ka kashe baƙon gaba ɗaya, ba adana shi a yanayin da yake ba, domin saitin kati ba ya canzuwa sai injin yana kashe, sannan ka mayar da shi VMSVGA.

Akwai wani ruɗani da ke biyo bayan wannan. VMSVGA kwaikwayon katin kamfanin VMware ne, don haka in ka buga `lspci -k` a cikin baƙon za ka ga sunan VMware SVGA II Adapter, direban da ke riƙe da shi kuma vmwgfx. Mutum ya ga haka sai ya ɗauka kayan VMware yake buƙata, ya girka open-vm-tools, ya yi ta jira. Ba za ta yi aiki ba, domin hanyar da take aika saƙo ta VMware ce, VirtualBox ba ya saurarenta. Wani kuma ya ga saƙon kuskure lokacin tashi, inda vmwgfx ke cewa yana gudana a kan dandalin da ba nasa ba, sai ya hana direban tashi kwata-kwata. Wannan ya fi muni, don ya kori direban da allon ya dogara da shi. Saƙon shi kaɗai ba dalili ne na taɓa komai ba matuƙar allon yana tashi.

Kayan baƙo: an girka, amma ba a girku ba

Nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa. Guest Additions, wato kayan baƙo na VirtualBox da ke ɗauke da ɗan aiken nan, a cikin baƙo ake girka shi, ba a kwamfutar waje ba. Extension Pack kuwa na mai masauki ne, kuma babu ruwansa da girman allo; wanda ya sauke shi don wannan matsalar ya ƙona datarsa a banza.

Ko wanda ya gane wannan yakan tsallake mataki ɗaya. Fayil ɗin VBoxLinuxAdditions.run yana buƙatar ya gina wasu sassa da za su dace da kanel ɗin da ke gudana, wato zuciyar tsarin Linux, kuma ba zai iya ba sai akwai kayan gini. A Ubuntu da Debian, kafin komai:

`sudo apt install build-essential dkms linux-headers-$(uname -r)`

Bayan nan sai a shiga Devices a zaɓi Insert Guest Additions CD image, a gudanar da fayil ɗin da sudo, a sake kunna baƙon. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, in kayan ginin babu, girkawar takan kai ƙarshe da 'yan layukan koke a tsakiya waɗanda ba wanda yake karantawa. Ka karanta su. In sun wuce maka, suna nan a /var/log/vboxadd-setup.log, kuma galibi a fili suke faɗin abin da ya rasa.

Sai a kula da abu biyu. Kada a haɗa wanda ya zo a faifan VirtualBox da wanda ke ma'ajiyar Ubuntu, irin su virtualbox-guest-utils da virtualbox-guest-x11. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa. In kuma allon yana lafiya jiya, yau bayan sabunta kanel ya koma ƙarami, ba sai an sake girka Linux ba, `sudo rcvboxadd setup` yakan sake gina abin da ya rushe. Haka in ka sabunta VirtualBox na waje daga 6.1 zuwa 7.0, ka sabunta kayan baƙon su yi daidai da shi.

In duk wannan ya kammala amma taga da allo ba sa tafiya tare, duba ko ɗan aiken yana raye: `ps aux | grep -i vbox`. Ya kamata ka ga VBoxClient, ko VBoxDRMClient a sababbin fitowa. Sannan ka leƙa View ka tabbatar Auto-resize Guest Display a kunne yake.

Kalmar nomodeset da aka manta da ita

Mutum ya gamu da baƙin allo lokacin girkawa, aka ce masa ya sa nomodeset ko ya zaɓi safe graphics, ya wuce. Matsalar ita ce wannan kalma tana hana direbobin allo na kanel karɓar aiki, har da vmwgfx, kuma takan bi mutum cikin tsarin da ya girka. Komai yawan Guest Additions da za ka girka, allon ba zai motsa ba. Buga `cat /proc/cmdline`. In ka gan ta, ka cire ta daga /etc/default/grub, ka yi `sudo update-grub`, ka sake kunnawa.

Miƙe hoto ba ƙara girman allo ba ne

Maɓallin Host, wanda a Windows da Linux shi ne Ctrl na hannun dama, in aka haɗa shi da C yana shigar da Scaled Mode. Nan take hoton zai cika taga, mutum ya yi murna. Amma 800×600 ɗin nan ne aka ja aka miƙe. Rubutu ya yi dishi-dishi, da'ira ta koma ƙwai, layin menu na sama ya ɓace, kuma babu ƙarin wurin aiki ko kaɗan. A sake danna Host da C a fita. Host da F shi ne cika allo na gaskiya, Host da Home kuma yana fito da menu in ya ɓuya.

Ga masu laftof mai allon 1366×768, wanda shi ne ya fi yawa cikin na hannu da ɗalibanmu ke saya, kada a yi mamaki in baƙon ya nuna tsawon da bai kai 768 ba. Menu na sama da layin ƙasa sun ci nasu rabon, lambar da ta rage kuma daidai take ko da ba ta yi kama da wadda aka saba gani ba. Tilasta wa irin wannan allo 1920×1080 ba ya kawo komai sai sandunan gungurawa. Akasin haka yake ga mai allo mai ɗigo da yawa, inda rubutu ke zama ƙanana kamar ba za a karanta ba: gara a ƙara girman rubutu daga saitin baƙon da a rage girman allo, domin Scale Factor na VirtualBox shi ma miƙewa yake yi.

Ƙwaƙwalwar hoto

Lissafinta mai sauƙi ne: faɗi sau tsawo sau 4, domin kowane ɗigo yana cin bayit 4. Allon 1366×768 yana cin kusan MB 4, na 1920×1080 kusan MB 8, na 3840×2160 kusan MB 32. VirtualBox yakan bai wa baƙon Linux MB 16 da farko. Ya ishi allo ɗaya, amma allo biyu na 1920×1080 sun cinye shi kusan tas. A kai shi 128 a huta. Sai dai kada a yi zaton ƙara wannan zai tayar da direban da bai tashi ba.

Gaggawar zuwa xrandr

Shawarar da ta fi yawo ita ce a buga `cvt 1920 1080`, a kwafi layin da ya fito, a yi `xrandr --newmode` sannan `xrandr --addmode`. Ni ina ganin wannan ya kamata ya zama mataki na ƙarshe, domin in kati da direba da ɗan aike suna lafiya, ba a buƙatarsa. Ga shi kuma ba ya ɗorewa. Da an sake kunnawa ya tafi. Wani ya kwafi sunan VGA-1 ko HDMI-1 daga misalin wani, alhali nasa Virtual-1 ne ko Virtual1. Buga `xrandr` shi kaɗai zai nuna sunan gaskiya.

Babban tarkon shi ne Wayland, sabon tsarin nuna hoto a Linux da ke maye gurbin tsohon, X11, wanda aka yi xrandr dominsa. Fedora ta koma kansa tun fitowa ta 25 a 2016, Ubuntu kuma daga 21.04. A kan Wayland, xrandr ba ya iko da allon. Yana iya jero lambobi, amma ba zai ƙara sabon girma ba. `echo $XDG_SESSION_TYPE` zai faɗa maka inda kake. In wayland ya fito, a yi saitin daga Settings, ko a nemi girman daga waje, a kan mai masauki, a sa sunan injinka a gurbin Ubuntu:

`VBoxManage controlvm "Ubuntu" setvideomodehint 1920 1080 32`

Wannan roƙo ne ake aika wa baƙon, sai kayan baƙo suna aiki yake amsawa. In VirtualBox yana ƙin wuce wani girma, a duba Maximum Guest Screen Size a Preferences, ko a buga `VBoxManage setextradata global GUI/MaxGuestResolution any`.

Allo biyu da kibiyar da ke sauka wani wuri

Mayar da Monitor Count zuwa 2 bai isa ba. Sai baƙon ya tashi an shiga View, Virtual Screen 2, an kunna shi. A yanayin cika allo kuma, a wannan menu ɗin ake zaɓar wane allon baƙo zai hau wane allon zahiri.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne a danna nan, dannawar ta sauka can. Dalilin yana cikin yadda ake aika matsayin kibiya. Mai masauki yana cewa kibiya tana wuri kaza a cikin dukkan shimfiɗar allunan, baƙo kuma yana fassara wannan bisa tasa shimfiɗar. In a waje allo na biyu yana dama, a ciki kuma an ja shi hagu ko sama, lissafin biyu ya saɓa. Direbobi irin su vmwgfx da qxl suna ba kowane allo shawarar inda zai zauna, da sunan suggested X da suggested Y, kuma GNOME, teburin da Ubuntu ke zuwa da shi, yana bin wannan shawara. Amma da zarar ka jera allunan da hannu ka adana, GNOME yana rubuta zaɓinka a ~/.config/monitors.xml, kuma tsohon zaɓin yakan ci gaba da dawowa bayan yanayi ya canza. A matsar da wannan fayil gefe, a fita a sake shiga. A kan X11 ana iya gyarawa nan take da `xrandr --output Virtual-2 --right-of Virtual-1`, matuƙar haka suke a waje.

Tun kafin a kai ga wannan duka, mai girkawa yakan makale a 800×600 da maɓallin ci gaba ya faɗa ƙasan allo. Ba sai an fasa ba: Alt da F7 a GNOME yana kama taga a matsar da ita sama har maɓallin ya bayyana.

In ba VirtualBox kake amfani da shi ba

Sunaye ne suke canzawa. A VMware mutane kan girka open-vm-tools su tsaya, alhali open-vm-tools-desktop ne ke ɗauke da sashen daidaita allo; sai a kunna Autofit Guest. A QEMU, wata manhaja irin VirtualBox, da virt-manager da ake sarrafa ta da shi, katin ya zama virtio ko QXL, ɗan aiken shi ne spice-vdagent, kuma yana buƙatar tashar com.redhat.spice.0 a cikin saitin injin, sannan a kunna Auto resize VM with window a ƙarƙashin Scale Display. Wasu tebura marasa nauyi suna karɓar sabon awon amma ba sa sauyawa da kansu. A irin wannan, `xrandr --output Virtual-1 --auto` yana ƙarasa aikin. In baƙon Windows ne a kan QEMU, direbobinsa suna cikin faifan virtio-win da kuma spice-guest-tools, kuma sai an girka su akwatin zaɓen girman allo yake buɗewa yadda ya kamata.