Babi na 9: Kalmar predispose da yadda ake jera ta

Darasi na farko

Iyayena da yayyena, ku buɗe sabon shafi. Yau kalma ɗaya ta Turanci za mu ɗauka. Doguwa ce, amma kada tsawonta ya firgita kowa. Ku rubuta ta harafi bayan harafi: p, r, e, d, i, s, p, o, s, e. Haruffa 10 ne, ku ƙirga da yatsa. Gaɓa uku ake faɗa: pri, dis, poz. Ba a furta e ɗin ƙarshe. Wajen p kuma a haɗe leɓɓa sosai, kada ya koma f.

A takardun asibiti aka fi ganinta, musamman inda ake bayanin ciwon sukari da hawan jini. Ma'anarta share wa abu fage tun kafin ya iso. Guntun nan na farko, pre, yana nufin kafin. Idan mahaifinka yana da ciwon sukari, ba a ce lallai sai ka kamu ba, sai dai jikinka ya fi na wani saurin kamuwa. Kamar busasshiyar ciyawa ce da rani: ita ba wuta ba ce, amma tartsatsi kaɗan ya ishe ta. Don haka in kun ga kalmar a takarda, kada gabanku ya faɗi. Gargaɗi ne, a rage zaƙi, a je a yi gwaji.

Darasi na biyu

Nan ne ake tuntuɓe, don haka mu tafi sannu. Da farko abin da ke share fagen, sai kalmarmu, sai mutumin, sai ƙaramar kalma to, sannan ciwon. Ku duba:

Smoking predisposes you to lung disease.

Wato shan taba yana share wa ciwon huhu fage a jikinka. Ku ɗora yatsa kan to. Kun gan ta? Haruffa biyu ne kacal, t da o, ana faɗinta tu. Ku ja mata layi a ƙasa. Ga wata:

Malnutrition predisposes children to infection.

Tamowa tana sa yara saurin kamuwa da cuta. Ina mutumin? Children, yara. Me ya biyo bayansa? To. Ku sake ja mata layi. Madalla, haka ake yi.

Yanzu ku rufe littafin ku faɗa da baki: mutum, to, ciwo. A sake. Mutum, to, ciwo. Wanda ya yi kuskure ya goge ya sake, ba abin kunya ba ne, da haka kowa ya iya.

Amma haba jama'a! Na duba littattafai na ga an rubuta for, wani ya sa with, wani kuma ya tsallake wurin gaba ɗaya ya manna ciwon a jikin kalmar. Ba for ba ce, ba with ba ce. To ce. Mun ja mata layi, mun faɗe ta da baki, me kuma ya rage? Wanda yake hira a baya lokacin da ake bayani, shi ne zai tsaya gaban likita yana juya takarda. Ku ɗauki fensir, ku rubuta predisposes me to sau 10, kowane layi da to ɗinsa.

Darasi na uku

In ana maganar halin da mutum yake ciki, a ƙara d a ƙarshe: She is predisposed to asthma. Wato tana da saurin kamuwa da asma. Nan ma to tana nan, kada a yar da ita.

Darasi na huɗu

Predisposition suna ne a nahawu, wato halin saurin kamuwa da ciwo. Ku kwafe shi sau biyar, ku kawo ranar Litinin.