Sharar ɗaki a damina, ga gidan da ke da mai asma ko yawan atishawa

A Zariya an saba ɗora laifin atishawa da toshewar hanci a kan ƙurar hunturu. Amma akwai wanda ciwonsa ba ya tashi sai ruwa ya zauna, musamman a markar Agusta, lokacin da ake kwana biyu ko uku ba a ga rana ba. Irin wannan mutum, abin da ke damunsa yana kwana ɗaki ɗaya da shi: ƙwarin ƙura, fumfuna da kyankyaso. Dukkansu danshi ke raya su, don haka duk sharar da ba ta kori danshi ba rabin aiki ce.

Ƙwarin ƙura ido ba ya ganinsu, tsawonsu bai kai rabin milimita ba. Suna zaune cikin katifa da filo da bargo da kafet, suna cin ɓarɓashin fatar da ke zuba daga jikin mutum. Ba sa cizo. Kashinsu ne ake shaƙa, sai hanci ya toshe, ido ya yi ƙaiƙayi, ƙirji ya shaƙe. Ba sa shan ruwa, daga iska suke zuƙar laima. Idan laimar ɗaki ta daɗe a ƙasa da kashi 50 cikin 100 sai su bushe su mutu, idan ta haura 70 kuma sai su yi ta hayayyafa. Shi ya sa hunturu ke rage su, damina ta dawo da su.

A fara da gado, tunda nan mutum yake shafe sa'o'i bakwai ko takwas hancinsa na kan filo. Kowane mako a wanke zanin gado da rigar filo da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60. Ruwan sanyi da omo suna wanke kashin, amma ba sa kashe ƙwarin duka. Ba sai da ma'auni ba: a zuba kashi biyu na tafasasshen ruwa a kan kashi ɗaya na ruwan famfo, a nutsar da kayan, a rufe bahon na minti goma sha biyar, sannan a wanke. A ware zane mai zuba. Inda ake yawan kuskure shi ne wajen shanya. Idan hadari ya taso sai a kwaso kaya da sauran lema a shimfiɗa, ko a rataya su cikin ɗaki, ruwan da ke jikinsu kuwa iskar ɗakin zai koma. Gara a shanya a baranda ko ƙarƙashin rumfa. Duk ranar da rana ta buɗe, a fitar da katifa da filo su sha aƙalla sa'a uku, a juya su, a kakkaɓe a tsakar gida. Katifar da ke kan siminti kai tsaye tana jan sanyin ƙasa, a ɗora ta kan katako ko a riƙa jingine ta da bango da rana.

Sai shara. Tsintsiya a busasshen ɗaki tayar da ƙura kawai take yi, bayan kamar rabin sa'a ƙurar ta sauko kan gado. A yi amfani da tsumma mai lema, a fara daga sama: fikafikan fanka, saman sif, kan labule, taga, sannan ƙasa. A matse tsumman sosai, yadda daɓen zai bushe cikin minti kaɗan. Mai asma ya fita lokacin aikin, kada ya dawo sai an yi rabin sa'a. Kafet mai gashi wanda ya rufe ɗaki bango zuwa bango, a gaskiya bai dace da ɗakin mai asma ba, komai kyansa. Tabarma ko darduma da ake iya ɗauka a wanke ta fi.

Ledar ɗaki tana da nata sharrin. Sama tana ƙyalli, ƙasa kuwa ruwa ya kwanta, musamman a gidajen ƙasa na cikin birni da unguwannin da ke kusa da rafin Kubanni. A ɗaga gefenta sau ɗaya a wata. Idan aka ji warin ruɓa ko aka ga baƙin tabo, fumfuna ce. A kan siminti ko tayil, a goge da buroshi da ruwan omo, a zuba kofi ɗaya na bilic a lita huɗu na ruwa, a shafa, a bari minti goma, a ɗauraye, a busar. Taga a buɗe, hannu cikin safa. Kada a kuskura a haɗa bilic da maganin wanke masai, hayaƙin da ke fita guba ne. Bangon ƙasa ba a jiƙa shi, kankarewa ake yi a sake yaɓe. Silin da ya sha ruwa ya yi baƙi, canza shi ake yi, fenti ba ya kashe abin da ke ciki. Kuma muddin kwano na yoyo ko indararo na zuba a gindin bango, tabon zai dawo. A ja sif da gado su bar bango da kamar tafin hannu don iska ta ratsa.

Kyankyaso yunwa da ƙishi ke korarsa: a wanke kwanuka kafin a kwanta, a rufe abinci da randa, a toshe tsagar bango. Fiya-fiya maganin gona ne, bai kamata a fesa shi inda ake kwana ba. Hayaƙin maganin sauro na kunnawa da turaren wuta su ma suna tayar da asma, kuma turaren ɓoye warin danshi yake yi, ba ya kawar da shi. Gidan sauro ya wadatar, a riƙa wanke shi a hankali da ruwan sanyi a shanya a inuwa. Taga kuma a buɗe ta da hantsi zuwa la'asar idan gari ya washe, a rufe da zarar ruwa ya sauko.