Kurakuran da aka fi yi game da gaɓoɓin haihuwa na dabbobi masu shayarwa

Yawancin kurakuran da ake tafkawa a wannan fanni tushensu ɗaya ne, wato auna kowace dabba da jikin ɗan Adam. Mutum da saniya da kare da raƙumi duk masu shayarwa ne, gaɓoɓin haihuwarsu kuma sun yi kama, amma tsarin aikinsu ya sha bamban, wani lokaci ma a juye yake.

Mu fara da jini. Wanda ya ga karya tana ɗigar da jini sai ya ce haila take yi. Ba haila ba ce. A jikin 'ya mace, jinin haila yana zuwa kimanin mako biyu bayan ƙwai ya fita bai haɗu da maniyyi ba, sai shimfiɗar cikin mahaifa ta sassaɓe ta zubo. A jikin karya kuwa jinin yana zuwa ne kafin ƙwai ya fita, lokacin da istirojin, sinadarin da gidan ƙwai ke fitarwa, ya sa jini ya cika jijiyoyin mahaifa har suna tsattsafowa. Yakan ɗauki wajen kwana 9, sa'an nan ta yarda da namiji. Wanda ya ce ai tana jini ba za ta ɗauki ciki ba, ya sake ta, bayan kwana 63 sai ya ga 'yan kwikwiyo. Haila ta gaskiya sai a mutum da manyan birai irin su gorila, da biran Afirka da Asiya da wasu na Amurka ta Kudu, da wasu jemagu da 'yan ƙananan dabbobi ƙalilan. Sauran, jikinsu ne yake tsotse shimfiɗar ya mayar ciki.

Saniya ma takan nuna ɗan jini a wutsiya, kwana ɗaya zuwa uku bayan ta gama neman barbara. Wasu sukan ce cikin ne ya zube, wasu su ce shaida ce ya shiga. Duk ba haka ba. Abin da jinin yake faɗa kawai shi ne lokacin ya wuce. A rubuta ranar, a sa mata ido bayan kwana 18 zuwa 20, don zagayenta na kwana 21 ne, kamar na akuya da goɗiya. Na tunkiya ya fi gajarta, kwana 17.

Lissafin ranar fitar ƙwai shi ma ya ruɗi mutane da yawa. An saba jin cewa ƙwan 'ya mace yana fita a rana ta 14 daga fara haila, alhali wannan na mai zagayen kwana 28 ne. Abin da bai cika canzawa ba shi ne tsakanin fitar ƙwai da haila mai zuwa, kimanin kwana 14. Saboda haka daga baya ake ƙirgowa: mai zagayen kwana 35, nata yana fita ne wajen rana ta 21. Sa'an nan ƙwai ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai, amma ƙwayoyin maniyyi suna iya yin kwana 5 a jikin mace suna jira. Ke nan kwanakin da ke gaban fitar ƙwai sun fi na bayansa muhimmanci, ko ana neman ciki ko ana gudunsa.

A saniya ƙwai ba ya fita sai wajen awa 10 zuwa 12 bayan ta daina tsayawa a hau ta. Shi ya sa masu yi wa shanu ɗurin maniyyi suke da ƙa'ida: wadda aka ga tana nema da safe a yi mata da yamma, ta yamma kuma washegari da safe. Su ma ƙwayoyin maniyyin suna bukatar 'yan awoyi a jikin mace kafin su iya huda ƙwai. Taguwa da kyanwa da zomanya kuwa ba ruwansu da wannan agogo, barbarar ce da kanta take sa ƙwai ya fita. A dangin raƙumi har an gano wani sinadari a cikin ruwan maniyyi da ke yin wannan aiki.

Ba a cikin mahaifa ƙwai yake haɗuwa da maniyyi ba. A siririn bututun da ke tsakanin gidan ƙwai da mahaifa ne, kuma sai bayan kwanaki ɗan tayin yake gangarowa. Idan ya maƙale a bututun ya fara girma, a ɗan Adam wannan ciki ne na bayan mahaifa, kuma yana iya kisa. Ɓatan wata tare da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara ba abin jira ba ne, asibiti ake zuwa nan take. Haka nan hanyar fitsari daban take da hanyar haihuwa a jikin 'ya mace. Namiji ne fitsari da maniyyi suke bi ta bututu ɗaya.

A ɓangaren namiji, kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne auna ƙarfin haihuwa da ido, wato yawan maniyyi ko kaurinsa. Ƙwayoyin da ke yin ciki ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke fitowa ba. Sauran ruwa ne daga wasu jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara, da kuma furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar. Mutum na iya fitar da ruwa mai yawa ba ƙwaya ko ɗaya a ciki, kuma sha'awarsa lafiya lau, tun da testosteron, sinadarin halin maza, da ƙwayoyin maniyyi ba sassa ɗaya ne na maraina suke yin su ba. Tun 1677 Antonie van Leeuwenhoek ya hango ƙwayoyin da madubin ƙara girman abu da ya ƙera, kuma har gobe sai a ƙarƙashin madubi ake sanin gaskiya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miliyan 16 a kowace mililita a matsayin ma'auni na ƙasa, ko da yake wanda bai kai nan ba ba a ce ba zai haihu ba sam.

Maraina suna rataye a waje ne don suna son sanyi, ƙasa da zafin jiki da wajen digiri 2 zuwa 4. Akwai tsoka mai ja da su sama idan ana sanyi ta sake su idan ana zafi, akwai kuma tarin jijiyoyi da ke sanyaya jini kafin ya isa. (Giwa da kifin wel nasu a ciki suke, don haka ba doka ba ce ga kowa.) Abin da aka fi mantawa shi ne jinkiri. Ƙera ƙwayar maniyyi yana cin fiye da wata biyu a mutum, wajen kwana 61 a bijimi, wajen mako 7 a rago. Bijimin da ya yi zazzaɓi yau ya warke jibi, illar tana iya bayyana bayan makonni, ta kuma daɗe. Sai a yi ta ɗora laifi a kan shanu mata. A ganina, duk garken da mata da yawa suka dawo nema a lokaci ɗaya, namijin ya kamata a fara dubawa. Dabbar da maraininta ɗaya ya maƙale a ciki, idan aka fiɗiye na waje kaɗai, halin maza ba zai bar ta ba, kuma bai kamata a bar irinta ta yi barbara ba don ana gadon abin.

Zargin mace don ta jera 'ya'ya mata ba shi da madogara ko kaɗan. Ƙunshin gado iri biyu, X da Y, su ke raba mace da namiji, kuma kowane ƙwai X yake ɗauke da shi. Ƙwayar maniyyi ce ke zuwa da X ko Y, kuma a 1990 aka gano ƙwayar halitta mai suna SRY a kan Y, wadda ita ce ke juya ɗan tayi ya zama namiji.

Akwai kuma masu murna idan saniya ta haifi tagwaye mace da namiji, su ajiye karsanar don iri. Kusan 9 cikin 10 na irin waɗannan juya ne. Jijiyoyin mabiyiyarsu sukan haɗe tun suna ciki, sinadaran namijin su shiga jikin macen su hana mahaifarta cika, kamar yadda Frank Lillie ya bayyana a Amurka a 1916. A tumaki da awaki ba kasafai hakan ke faruwa ba, a mutane kuwa tagwaye mace da namiji ba su da wannan matsala.

Ita kanta mabiyiyar ba iri ɗaya ba ce. Ta ɗan Adam tana barin garkuwar jikin uwa ta ratsa zuwa ga jariri tun yana ciki. Ta saniya da tunkiya da goɗiya ba ta bari, don haka maraƙi yana faɗowa duniya kusan ba kariya, sai abin da ya samu a dakashi. Hanjinsa kuma a awoyin farko ne kawai yake iya ɗaukar wannan garkuwa, kafin awa 24 ƙofar ta kusa rufewa. A tabbata ya sha ya ƙoshi cikin awa 6 na farko, idan ya kasa kama nono a tatsa a ba shi.