Yadda ake sa wa ƙwayoyin asali na ɗan Adam alamar ƙarfe mai maganaɗisu

Ana wannan aiki ne don a bi sawun ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗa zuwa wasu nau'o'in ƙwayoyi, da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki bayan an dasa su, domin inda ɓarɓashin ƙarfe ya taru, nau'in hoton MRI da ake kira T2* yakan yi duhu. Tun da aka daina ƙera Feridex, ruwan ɓarɓashin ƙarfen da ake amfani da shi a da, an fi komawa ga ferumoksitol, wato Feraheme, maganin ƙarancin jini mai ɓarɓashin ƙarfe da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2009. Ƙwayoyin asali na ɓargo ba sa haɗiye shi da yawa idan shi kaɗai ne, saboda cajin jikinsa iri ɗaya ne da na fatarsu. Shi ya sa ake haɗa shi da furotamin, sunadari mai kishiyar caji, da kuma heparin, maganin hana daskarewar jini, bisa hanyar da masu bincike na cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, suka wallafa a 2012.

A fara sa'ad da ƙwayoyin suka rufe kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na gindin kwalbar raino. A tsiyaye tsohon ruwan, a ɗauraye da PBS, wato ruwan gishirin wanke ƙwayoyi, a zuba mililita 10 na ruwan raino marar siram (ruwan da ake tacewa daga jini), domin sunadaran siram sukan lulluɓe ɓarɓashin su hana shi haɗuwa. Sai a sa heparin maikurolita 20 daga mai ƙarfin 1,000 IU (ma'aunin ƙarfin magani) a mililita, a bi shi da furotamin maikurolita 60 daga mai miligiram 10 a mililita, a ƙarshe Feraheme maikurolita 17. Kowane mililita ya samu heparin 2 IU, furotamin maikurogiram 60, ƙarfe maikurogiram 50 ke nan. A riƙa kaɗa kwalbar a hankali bayan kowane zubi, don in aka yi gaggawa ɓarɓashin yakan cure ya kwanta a kan ƙwayoyin.

A mayar cikin inkubeta, zafi digiri 37 na Salsiyos, iskar kabon dayoksaid kashi 5, na awa 2 zuwa 4. Daga nan a ƙara mililita 10 na ruwan raino mai siram, a bar su su kwana.

Wanki ne wurin da aiki ya fi lalacewa. A wanke sau uku da PBS mai heparin 10 IU a mililita, domin shi ke saɓule abin da ya manne a bayan ƙwaya. Idan aka yi sakaci a nan, gwaji zai nuna ƙarfe tuli alhali rabinsa bai shiga ba, kuma da an dasa zai zube ya ɓata hoton.

Don tabbatarwa, a daskarar da wasu ƙwayoyi da farafomaldehaid kashi 4 na minti 15, a zuba haɗin fotasiyam ferosayanaid kashi 2 da asid na haidurokulorik kashi 2 daidai wa daida, a jira minti 20. Shuɗayen ɗigo kewaye da cibiyar ƙwaya ake nema. Manyan curi a waje alamar wankin bai isa ba ne. A ƙirga masu rai da rinin tiraifan, su haura kashi 90. Gwajin MTT kuwa, wanda shi ma ke auna rayuwar ƙwayoyi, ƙarfen yakan rikita karatunsa, don haka kada a dogara da shi shi kaɗai.

Wajibi ne a gwada ko har yanzu ƙwayoyin na iya rikiɗa zuwa ƙashi, kitse da guringuntsi, a kwatanta da waɗanda ba a sa musu komai ba. Guringuntsi ya fi bukatar lura, don an taɓa samun cikas a kansa da Feridex.

Wajen karanta hoton, a tuna ƙarfen yana raguwa duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, kuma idan ta mutu ƙwayoyin garkuwar jiki sukan cinye shi, duhun ya ci gaba da bayyana ko da waɗanda aka dasa sun ƙare.