Yadda Mai Sikila Za Ta Riƙe Rubutun Littafi Ba Tare Da Ya Kayar Da Ita Ba

'Yar'uwa marubuciya, babban abin da ke wahalar da mai sikila a harkar littattafan WhatsApp shi ne alkawari. Kin sanar cewa kullum za ki saki shafi ɗaya, wasu har sun biya kuɗi, sai ciwo ya tashi ya kwantar da ke kwana biyar. Maganin wannan tun kafin sanarwa ake yin sa: kada ki saki shafin farko sai kina da aƙalla goma sha biyar a ajiye, an gama su an tace. Ki ɗauke su kamar hatsin rumbu. Sannan ki yi alkawarin sau uku a mako, ko da kina jin za ki iya kullum. Duk lokacin da ajiyar ta sauko zuwa biyar, ki rage zuwa sau biyu, ki faɗa wa masu karatu tun da wuri.

Ki samu littafin rubutu ƙarami, ki yi mako biyu kina rubuta lokacin da jiki ya fi sauƙi da lokacin da yake nauyi. Awannin sauƙin su ne na ƙirƙira. Gyaran rubutu da amsa saƙonni su jira sauran lokaci. A Gusau zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, don haka bayan asuba zuwa hantsi ya fi. Da hunturu kuwa, Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asubar nan shi ke tayar da ciwo, sai a bari rana ta ɗaga, a sa safa da rigar sanyi.

Ruwa ya zauna kusa da ke kafin ki taɓa waya. Ƙarancinsa a jiki na sa jini ya yi kauri, ƙwayoyin da suka lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ke farawa. Mai rubutu kuma in labari ya yi daɗi mantawa take. Ki cika gorar lita ɗaya da rabi, ki ga bayanta sau biyu a yini, sai fa in likita ya ƙayyade miki saboda ƙoda ko zuciya. Zama kada ya wuce minti 25 ba ki miƙe kin taka ba, musamman in ƙugu ya fara damun ki.

Ranar da yatsu suka ƙi, baki na nan. Tun 2024 Gboard, allon rubutu na Google da ake sa wa a waya, ke karɓar maganar Hausa ya mayar da ita rubutu, amma yana buƙatar intanet, kuma yakan yi tuntuɓe a sunaye da karin harshen Zamfara. Ki yi magana a hankali, jimla ɗaya ki tsaya. In babu data, ki naɗi murya kawai, kowane yanki minti uku, ki sa masa lamba, ƙanwa ko aminiya ta buga miki daga baya. Kafin ki saki, ki bi haruffa masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ. Bari daban, ɓari daban.

Kada aikinki ya zauna a waya kaɗai. Kowane dare ki tura shi Google Drive, ma'ajiyar Google da ke intanet, ki kuma aika wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, wanda zai ci gaba da sakin shafukan in kina gadon asibiti. Ki rubuta gajeren saƙon ba da haƙuri tun kina lafiya, ki bar masa.

Abin da muka fi tsoro shi ne shan maganin ciwo don a cika alkawarin shafi. Yawan diclofenac ko ibuprofen na cin ciki, yana lalata ƙoda, ita kuwa ƙodar mai sikila dama tana shan wahala. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji, numfashi da kyar, ko wani sashen jiki ya saki, ki ajiye waya a tafi asibiti nan take, asibitin Yariman Bakura ko na tarayya (FMC) in kina Gusau. Katin asibiti da sunayen magungunanki su zauna a jaka ɗaya da caja.