Kafin ku zubar da abincin da kwanansa ya wuce

Salam 'yan uwa, jiya maƙwabciyata a nan Agege ta ɗauko taliya kusan rabin katan za ta zubar wai kwananta ya wuce da sati 2, wallahi sai da na riƙe hannunta, a wannan tsadar?

Ku duba rubutun jikin ledar da kyau. In Best Before (ya fi kyau kafin ranar) aka rubuta, maganar ɗanɗano ce, taliya da shinkafa da biskit ana ci in dai ledar ba ta huje ba, babu ƙwari, babu fumfuna, babu warin daɗewa. Amma Use By (a yi amfani da shi kafin ranar ta wuce) maganar lafiya ce, madarar ruwa, yogot, kifi, kaza, musamman madarar jarirai, ranar na wucewa a haƙura kawai, don Allah kar a ce bari a ɗanɗana a gani, wasu ƙwayoyin cutar ba su da wari ko kaɗan.

Gwangwanin tumatir ko sadin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ku jefar ko da saura shekara. Kuma kun san damshin Legas da ɗauke wuta, naman da ya narke a firiza ya kwana da ɗumi ya lalace ko me aka rubuta a jikinsa.